Ranar da Adda Ta Kira Sunan Yaya

A gidanmu na unguwar Limawa a Dutse babu mai kiran sunan Yaya. Ba tsoronsa ake ji ba, haka dai abin ya zo. Inna ba ta kira saboda ɗanta ne na fari, kuma mu asalinmu mutanen ruga ne, kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ce. In ya shigo gaishe ta, juya kai take yi ta amsa wa bango. Matarsa, wadda nake ce wa Adda, ba ta kira saboda miji ne, mijin fari kuma. Ni ba na kira saboda yayana ne, ya ba ni shekaru masu yawa. Mahaifinmu da zai iya kira ya rasu tun kafin a ƙirƙiro jiharmu. Sunan nan a ofis kawai yake aiki. Da Yaya ya shigo zaure sai ya ajiye shi tare da takalmi.

Inna "wancan" take ce masa, in kuma da ni take magana ta ce "yayanka". Adda "shi" take cewa, kowa ya san wane ne shi. Duk abin da ya fi gaisuwa nauyi kuwa, ni ake ɗora wa in kai. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, Yaya na alwala a bakin rijiya, tana ganinsa yana ganinta, amma sai ta ƙwala min kira daga shagona na zaure ta ce in gaya wa wancan gero ya yi ƙasa. In juya in ce, Yaya, gero ya yi ƙasa. Ya ce in ce mata ya ji. In sake juyawa. Haka na girma, kamar wayar tangaraho mai ƙafa.

Mun zo Dutse ne lokacin da aka yi jiha aka dawo da ma'aikata daga Kano. Yaya malamin dabbobi ne. Da ya samu gida sai ya je wajen Garki ya ɗauko mu, ni da Inna, wai don in yi karatu. Ban yi ba. A aji uku na sakandare na ajiye. Na taɓa kanikanci na gudu, na taɓa sayar da kaset na gudu, na je Kano na dawo da takalmi ɗaya da tari. A ƙarshe Yaya ya gaji ya saya min tsohon babur in yi acaɓa, da sharaɗi guda: duk ranar kasuwar Jahun ni zan kai shi in dawo da shi, tunda babur ɗin ofishinsu ya mutu an jingine shi a bango.

A Jahun aikinsa duba shanu ne a kara, kuma kafin azahar ya gama. Amma sai ya ce in je in yi lodina, in dawo bayan la'asar. Da farko a bakin kara nake samunsa. Daga baya ya koma cewa in same shi a wani lungu bayan kasuwa, ƙofar gidan wata bazawara mai sayar da dambu. Ni ba yaro ba ne a lokacin, na wuce ashirin. Mutum ba ya shiga cin dambu da azahar ya fito da la'asar yana gyara hula. Matar nan ba ta taɓa yi min komai ba, tana ma aiko min da dambun a leda, kuma gaskiya dambunta ya yi. Ina ci ina jin haushi.

Adda ta gane da kanta, ba wanda ya gaya mata. Wata safiya tana wanki ta kira ni. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji, mijinta ƙarami take ce min, ni kuma ina ce mata in ta gaji da tsoho ga yaro nan. Ta ɗago farin kaftanin Yaya daga cikin baho ta nuna min wuyansa.

"Auta, zo ka ga ikon Allah. Maɓallin nan a tsinke ya tafi kasuwa, ya dawo a ɗinke. Da koren zare kuma. Ashe shanun Jahun har ɗinki sun iya."

Na ce ƙila tela ne. Ta ce telan da zai sa koren zare a farar shadda gara ya koma noma. Ta ce wannan ɗinkin mace ne, macen da ta yi sauri, kuma wadda ba ta damu a gani ba. Tana faɗa tana dariya, amma matsar da ta yi wa kaftanin nan sai da na tausaya wa shaddar.

Na ce to ta yi masa magana mana. Ta ce ta gwada. Da ta fara sai ya kunna rediyo, in ta ci gaba ya ɗauki buta ya nufi masallaci ko da lokacin salla bai yi ba. Ta bi shi da "ka ji", ta bi shi da "Malam", ba ya waiwayowa, don a layinmu kowa Malam ne. Ta ce min mutumin da ba ka da abin da za ka kira shi da shi ya tsaya, ai sai dai ka yi ta magana da ƙeyarsa.

Sai ta kai wa Inna. Inna ce ke riƙe da gidan, ita ke awon hatsi kullum da safe da kwanonta, ba a ɗora tukunya sai ta auna. Kuma tana son Adda, don tunda ƙafafunta suka fara kumburi Adda ce ke mata komai, har gashin ƙafa da ruwan ɗumi. Inna ta saurara, ta yi salati, ta share hawaye. Sannan ta kira ni. Saƙon da ta ba ni shi ne in gaya wa yayana ya riƙa dawowa da wuri, hanya ba kyau.

Na ce, Inna, shi ke nan? Ta ce in ya yi hankali zai gane.

Na kai saƙo. Yaya ya ce in ce mata ya gode, za a kiyaye. Ranar kasuwa ta zagayo muka dawo da wuri ɗin kuwa, domin ya shiga lungun da wuri.

Da abin ya ƙi, Inna ta sa na je ruga na ɗauko Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda shi kaɗai ya rage da zai iya zaunar da Yaya. Na sha wahalar ɗauko tsohon nan, ga yashi, ga shi ba ya yarda ya riƙe ni, sandarsa kawai yake riƙewa. Aka yanka masa zakara. Ya zauna da Yaya a zaure tun hantsi, ni ina gefe ina zuba musu fura. Sun yi maganar ciwon ƙafa da baki na shanu, sun yi maganar burtalin da manoma suka cinye, sun yi maganar wani bijimi da ya mutu tun ina goye. Ina ta jira. Can da la'asar Baffa ya miƙe yana kaɗe riga, ya kalli rufin zaure ya ce ya ji an ce ruwan Jahun ba ya karɓar kowa, a riƙa lura. Yaya ya ce gaskiya ne Baffa, ruwan yana da kanwa. Na mayar da tsoho ruga da ragowar zakara a ƙunshe.

A hanyar dawowa ni kaɗai nake ta masifa a kan babur. Gida cike da manya, kowa ya san abin da ake ciki, an kashe zakara an ƙona mai, an tashi da maganar kanwa.

Ni ma na gwada nawa. Wata ranar kasuwa muna tafe na ce, Yaya, Adda fa ta sani. Ya ce iska ta yi yawa ba ya ji. Na rage gudu na maimaita. Ya ce in kalli gabana. Na tsayar da babur ɗin gaba ɗaya a gindin wata tsamiya na ce to yanzu babu iska. Ya sauko a hankali, ya gyara babbar rigarsa, ya tambaye ni ko wanda ya kasa gama aji uku ne zai koya masa zaman aure. Ya kuma tambaye ni babur ɗin wa nake kai. Na ce nasa. Ya ce to mu tafi. Muka tafi.

Mutane za su ce me ya hana ya aure ta a huta. Adda da kanta ta aiko ni da wannan. Ta ce in gaya masa in so yake ya yi abin da Allah ya halatta, ita za ta share ɗakin, ya fi mata wannan rainin hankalin. Abin da ba ta sani ba, ni kuma na sani don a gabana mai dambun ta faɗa tana kwashe tukunya, shi ne ita matar ba ta son auren. Ta ce ta yi biyu sun ishe ta, ba ta sake wanke wa wani ƙato kaya. Ban kai wa Adda wannan ba. Ta yaya zan ce mata mijin da take kuka a kansa, a can ko kyauta ba a karɓarsa?

Ana cikin haka aka ƙaddamar da shari'a. Gari ya canza, kowa ya sa hula, masu gidajen giya suka rufe, 'yan hisba suka fara zagaye. A majalisar 'yan acaɓa kullum da labarin wanda aka kama a wani lungu aka yi masa bulala a gaban jama'a, rabi gaskiya rabi ƙari. Na ɗauka tsoro zai yi abin da Inna da Baffa suka kasa. Ina! Yaya ya ƙara tsawon carbi, ya bar gemu, ya kuma ce daga yanzu in riƙa ajiye babur a lungu na gaba, kada a gane. Wato ni da lambar babur ɗina muke tsaye a rana muna jiran hisba, shi yana ciki.

Adda kuwa abin ya tashi daga ɓacin rai ya koma fargaba. Babbar 'yarsu ta fara tasawa, tana zuwa islamiyya. Adda ta ce min ba za ta zauna a wayi gari a ce an kwantar da uban 'ya'yanta a kasuwa ba, yara su shiga makaranta ana nuna su. Ana jibi kasuwa ta same ni ina wanke babur. Ba ta ce min mijina ƙarami ba, Auta ta ce, daga nan na san babu wasa. Ta ce ranar kasuwa in shi ya hau babur ɗin nan zuwa Jahun, in na dawo ita zan kai tasha da yaran, Garki za ta, gidan iyayenta, kuma ba yaji ba ne, kada kowa ya wahalar da kansa da biko. Na ce Inna fa? Ta ce ta bar wa Inna man zafi a kan taga, in koyi gashin ƙafa.

Na gaya wa Inna. Ta ce in gaya wa wancan a bi a hankali. Na ce wallahi ba zan kai ba. Shi ne karo na farko da na ƙi kai saƙo a gidan, ba don jarumta ba, na gaji ne kawai.

Ranar kasuwar, da hantsi, kowa na tsakar gida. Inna na kan tabarma da kwanon awo a gabanta. Yara na shan koko. Akwatin Adda na bakin ƙofarta a ɗaure da igiya, a fili, inda makaho ma zai yi tuntuɓe da shi. Yaya ya fito da jakarsa ta allurai, ya kalli akwatin, ya ɗauke kai kamar turmi ya gani. Ya ce min in fitar da babur. Adda ta ce, ka ji. Bai tsaya ba. Ta ce, Malam, magana zan yi. Ya ce in ya dawo. Ya kai bakin zaure, ya sa ƙafa ɗaya a takalmi.

Sai ta kira sunansa.

Ba da ƙarfi ba. Sunan yanka, tsurarsa, yadda liman ya raɗa shi. Ni kaina sai da na ji kamar an watsa min ruwan randa, don tun rasuwar mahaifinmu ban ji sunan nan a cikin gida ba. Kwanon awo ya suɓuce daga hannun Inna, gero ya watse, kaji suka yo kai ba wanda ya kore su. Yaya ya tsaya da takalmi ɗaya. Ya waiwayo. Duk tsawon rigimar nan, ranar ce ya fara waiwayowa.

Ƙaramin ɗansu ya ɗago daga kofin koko ya ce, "Umma, wa kike kira?"

Adda ta ce wa babbar ta kwashe ƙannenta su shiga maƙwabta. Da suka fita ta sake kiran sunan, ta nuna masa turmi ta ce ya zauna. Ya zauna, da jakar allurai a cinya. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yunƙura za ta shige ɗaki, ƙafa ta ƙi. Ni na so in sulale, Adda ta ce in tsaya, tunda ni ne direba.

"Shekara da shekaru ina aika maka Auta, Inna na aika maka Auta, an ɗauko Baffa daga ruga. Yau ba aike. In ka gama duba shanu ina kake zuwa?"

Ya ce ya ji, za a gyara.

"Ban ce ka ji ba. Tambaya na yi."

Ya kalle ni, wai ko zan kawo ɗauki. Na kalli kaji. Ya kalli Inna, mayafi ya gani. Ya cire hula ya riƙe. Sannan ya faɗa, da murya ƙasa ƙasa, lungun da matar da tun lokacin da aka fara. Bai yi tsawo ba. Abin da aka shekara ana zagayawa, da aka zo faɗa bai kai a sha kofin ruwa ba, wannan ma ya ƙara min haushi.

Adda ba ta yi kuka ba. Ta ce to ga babur can a waje, guda ɗaya ne, ya zaɓa: ko ya kai shi Jahun, ko ya kai ta tasha, ko ya kwana a zaure ba wanda ya hau. Yaya ya daɗe yana juya hula. Can ya ce min in je ofis in ce ba shi da lafiya. Na ce da wane babur? Ya ce da ƙafa.

Na tafi da ƙafa, cikin zafin ranar Dutse, ina zagin duk wanda ya haɗa ni da gidan nan.

Kada a ɗauka an yi wa Adda sannu. Kafin azahar labari ya gama layi, domin katangarmu gajeriya ce. Kuma abin da ake tattaunawa ba Jahun ba ne. Ba wanda ya ce malamin dabbobi ya yi abin kunya. Cewa ake matar malamin dabbobi ta kira sunan mijinta, a gaban uwarsa, har sau biyu. Matan maƙwabta suka yi ta shigowa aron rariya da ba sa bukata don su ga fuskarta. Baffa ya aiko daga ruga cewa a zamaninsu ba a yi haka ba. Wani dattijo a masallaci ya tare ni ya ce ƙarshen zamani ke nan. Na ce, Baba, ɗayan laifin fa? Ya ce wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Na sa takalmina na tafi.

Inna ma fushi ta yi, da Adda. Ta daina amsa mata gaisuwa sai da ka. Adda ba ta fasa komai ba, ta kawo ruwan ɗumi ta durƙusa ta gasa mata ƙafa. Akwatin kuwa bai koma ɗaki ba. Ta bar shi a bakin ƙofa a ɗaure, tana share ƙasa ta zagaye shi. Kasuwa ta zagayo, Yaya ya kalli akwati, ya aika wani yaron ofis a madadinsa. Ta sake zagayowa, ya ce ciwon baya. Daga baya na ji ya nemi a canza masa kasuwa, aka ba shi wata ta kusa, inda ake tashi kafin azahar kuma ba mai dambu.

Wata safiya na fito na tarar da kwanon awon Inna a kife a kan akwatin Adda. Ba wanda ya ga lokacin da aka ajiye shi. Inna na ƙofar ɗakinta tana jan carbi tana kallon bango. Adda ta tsaya ta kalli kwanon, ta ɗauka, ta shiga ɗakin hatsi ta auno na ranar. Da ta fito ta ce in kama mata akwati mu shigar. Da muka ɗaga na ji ba nauyi. Na ce, Adda, me ke ciki? Ta ce in kama da kyau in daina surutu, mijinta ƙarami.

Daga nan gidan ya koma hannunta, ba tare da an yi taro ba. Ita ke cewa a sayar da akuya ko a bari. Ita ta ce babbar 'yar za ta wuce sakandare, ta kuma wuce. Inna in tana son abu wurin wancan, Adda take gaya wa, Adda ta faɗa masa kai tsaye. Ban sake jin ta kira sunan ba, ban kuma ga ta bukata ba. In ya nufi zaure tana magana, gyaran murya kawai take yi, sai ka ga ƙafa ta tsaya a kan takalmi.

Na ɗauka na huta da aike. Bayan kwana biyu ina kwance a shago da rana sai ga Yaya ya leƙo, yana magana ƙasa ƙasa. Wai abokan aikinsa za su ɗaurin aure Kano, in shiga in dubo masa yanayinta, in na ga da fuska in ɗan taɓa mata maganar.

Na ce, Yaya, ga ta can a tsakar gida tana tankaɗe, daga nan ma kana hango ta.

Ya ce ya sani. Ya tambaye ni babur ɗin wa nake hawa.

Na tashi na nemi takalmina.